Sassaƙen Kalgo Yana Ɗaure Ciki, To Wa Zai Maida Ruwan?

A makon farko na komawa lakwal, cikin watan Oktoban bara, wata ɗalibata ta ajin CM1 ta yi kwana huɗu ba ta zo ba. Yarinya ce da ba ta fashi, shi ya sa na tambayi ƴan unguwarsu. Suka ce ƙanenta ne ya rasu, jariri ɗan wata goma. Da la'asar na tafi gaisuwa. Na tarar da kakar yaron zaune bakin ɗaki, na durƙusa na yi mata ta'aziyya, na tambayi ciwon da ya yi ajalinsa.

Ta ce, "Zawo ne, Mushe. Mun ɗauka haƙori ne. Kwana ukku ina dahwa mishi sassaƙen kalgo, sahe da marece. Ran na ukku ma zawon ya tsaya, har muka yi hamdala. Da dare ya yi sai yaro ya yi laƙwas."

Na ce, "Inna, an ba shi ruwan gishiri da sukari?"

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, yaron da ke zubda ruwa shi za a ƙara ma ruwa?"

Ban ce komai ba, gidan rasuwa ba wurin gardama ba ne. Amma da yarinyar ta dawo aji na karɓi littafinta na rubutu na shekarar da ta wuce, na buɗe darasin tsabta da lafiya. Ga shi nan da kyakkyawan rubutunta, cikin Faransanci: abin da ke kawo zawo, haɗarinsa, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. A jarrabawar wannan darasi ta samu 9 bisa 10. Kwana uku tana goyon ƙanenta yana bushewa a bayanta, maganin yana rubuce cikin jakarta, kuma bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa kalmar déshydratation da ta haddace ita ce faɗawar maɗigar da take gani da idonta. Ni na koyar da wannan darasi a wannan lakwal shekara da shekaru. Shi ya sa yau zan yi magana da iyaye, in kuma yi magana da ƴan uwana malamai, kuma ban tsame kaina daga laifin ba.

Bari in fara da ba kalgo haƙƙinsa, don na san akwai masu jiran in ce maganin gargajiya shirme ne su rufe shafin. Ba zan faɗa ba, don ba gaskiya ba ne. Duk wanda ya tashi a karkara tsakanin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san wannan itace mai ganye tsage biyu kamar sawun raƙumi, mai fararen furanni da doguwar ƴaƴa mai faɗi da bisashe ke rububi da rani. Fulani suna kiransa barkehi. Da ɓawonsa muke igiyar ɗaurin darni da damin hatsi. Da ganyensa mata ke samun tsamin tuwo in babu tsamiya. Ɓawon kuma tun kaka da kakanni ake dafa shi don zawo da atuni, ana wanke miki da gyambo da ruwansa, ana kurkure baki da shi in dasashi yana ciwo. Mutanen da suka gano wannan ba wawaye ba ne. Lura suka yi, suka gwada, suka ga aiki.

Aikin kuma yana da dalili. Ka tauna ɓawon kalgo za ka ji bauri ya kama maka harshe, baki ya yi kamar an tsuke shi. Wannan baurin daga wani sinadari yake da masana ke kira tanin. Shi ne dai ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, wanda ke kama ɗanyar fata ya tsuke ta ya hana ta ruɓewa. A cikin hanji ma irin wannan yake yi: yana tsuke fatar cikin hanjin, ruwan da ke tsattsafowa ya ragu, bayan gida ya ɗan yi kauri. Masu bincike a Kwaddibuwa sun gwada ruwan ɓawon kalgo a kan ɓeraye, suka ga yana rage zawo. Ke nan kakar nan ba ƙarya ta yi ba da ta ce kalgo yana ɗaure ciki.

To me ya kashe yaron? Ƙarewar ruwan jiki. Wannan shi ne abin da ban iya faɗa mata ba a bakin ɗakinta. Jikin jariri galibinsa ruwa ne, kuma ɗan kaɗan ne a jimla. Kowane zawo yana fita da ruwa da gishirin jiki. Babban mutum yana da ajiya, yana iya kwana biyu yana zarya bayan gari ya tashi ya tafi gona. Ɗan wata goma ba shi da wannan ajiyar. In an yi ta zubarwa ba a mayarwa, jini yana raguwa, ƙoda ta daina fitar da fitsari, idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya kasa ko tsotson nono. Wani lokaci zawon kan ragu a ƙarshe don babu sauran abin da zai fita, iyaye su ɗauka sauƙi ne. Sassaƙe, ko da ya yi aikinsa ɗari bisa ɗari, tulun da ya tsage yake liƙewa. Ba ya zuwa rijiya ya ɗebo ruwan da ya riga ya zube. In ka liƙe tulu babu ruwa ciki, ƙishirwa tana nan.

Abin da ke maida ruwan ba wani abu ba ne mai tsada ko na nesa. Hanjin ɗan Adam yana da wata hanya da yake shigar da gishiri tare da sukari, in sun shiga sai ruwa ya bi su, kuma wannan hanyar tana aiki ko ana tsakiyar zawo. Shi ya sa ruwa zalla bai kai ruwan da aka sa wa gishiri da sukari daidai awo ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin ƴan gudun hijira, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare. Wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari cikin ganguna ana ba mutane suna sha. Mace-mace ya sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Wannan haɗin shi ne SRO, ƴar ledar garin nan da ake bayarwa a likita. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da UNICEF suka ce a haɗa shi da ƙwayar zinc, ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata shida ba, don tana rage tsawon zawon tana kuma jinkirta dawowarsa. Duk da haka, har yau zawo yana kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 kowace shekara a duniya, kuma kowa a garuruwanmu ya san kabarin ɗaya daga cikinsu.

Yanzu ga gardandamin da nake ji duk lokacin da na tada wannan zance a majalisa ko a taron iyayen yara.

Na farko, a ce kakanninmu da sassaƙe suka rayu. Waɗanda suka rayu ke nan. Ku zauna da kowace tsohuwa a gidanku ku tambaye ta haihuwa nawa ta yi, nawa suka girma. Za ku ji goma, biyar suka rage. Takwas, uku suka rage. Mu jikokin waɗanda suka tsira ne, waɗanda ba su tsira ba babu mai ba da shaidarsu a majalisa. Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma manomin da ya san arziki na Allah ne bai taɓa fasa shuka da noma ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu yi wa gero hidimar da ba mu yi wa ƴaƴanmu ba.

Na biyu, a ce wai masu boko ne ke son kashe namu su sayar da na Turawa. Ga amsata. Kinin da ya daɗe yana ceton mutane daga zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itace ya fito, itacen sinkona na duwatsun Peru da maƙwabtanta. Kusan shekara 200 Turawa suna shan garin ɓawon kamar yadda muke shan sassaƙe, wani ya warke, wani bai warke ba, don wani ɓawon yana da ƙarfi wani ba shi da shi. Sai a 1820 wasu masana magani biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarin daga ɓawon, aka samu damar auna shi a ce ga na babba ga na yaro. Asfirin ma asalinsa yana komawa ga wani sinadari da ke cikin ɓawon itace, kafin kamfanin Bayer ya haɗa shi a Jamus a 1897. Ashe dai likitan zamani shi ma ɗan gidan sassaƙe ne. Abin da ya ƙara a kai awo ne. Mu kuwa me muke aunawa? Cikin hannu guda na sassaƙe, daga tsohon itace ko ɗanye, na rani ko na damina, a tafasa shi ɗan lokaci ko a mance shi bisa murhu har ruwan ya yi baƙi. Tukunya biyu daga hannun mace guda ba su zuwa da ƙarfi ɗaya. Gwajin da aka yi kan ɓera ba ya gaya wa uwa cokali nawa za ta ba ɗan wata goma. Ga shi tanin in ya yi yawa yana tada zuciya ya sa amai, ruwan ya ƙara zubewa ta sama, yana kuma hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe na abinci, alhali yaranmu da yawa dama jininsu bai isa ba.

Na uku, kuma wannan ya fi sauran nauyi: likita nesa, kuɗin kabu-kabu babu, in ka je ma a ce magani ya ƙare, ka saya a farmasi. Gaskiya ne. Tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, kuma duk mai ɗa ya san sau nawa aka miƙa masa takardar sayen magani duk da haka. Wannan kuka ne da ya kamata mu ci gaba da yinsa da babbar murya. Amma daidai wannan dalilin ne ya sa kowane gida ya wajaba ya san haɗin gida. Lita guda ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce, ko leda biyu ta ruwan sayarwa mai rabin lita. Ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe bakinsu, ban da tsoro. Rabin ƙaramin cokali na gishiri. A motsa, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, don gishiri in ya zarce shi ma illa ne. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, musamman bayan kowane zawo. In ya yi amai a dakata kamar minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Nono kada a tsaida shi ko na awa guda, abinci ma kada a hana. Gidan da ke iya sayen sukarin shayi sau uku a wuni ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Akwai kuma wasu da ba zan yi wa sassauci ba: masu yawo da lasifika ranar kasuwa, da kwalabe jere bisa tabarma ko bayan mota, suna shelar cewa ruwa guda yana maganin zawo, basir, shawara, sanyi da ciwon sukari. Tsohuwar da ta dafa wa jikanta kalgo aƙalla ta san itacen da ta sassaƙo, kuma ƙauna ce ta sa ta. Mai kwalba ba ka san abin da ya zuba ba, kuma kasuwa na tashi ya yi gaba. Haka nan masu tebur da ke ɓare ƙwaya mai ja da rawaya su ce a zuba wa jariri cikin koko. Yawancin zawon ƙananan yara ƙwayar cuta ce irin wadda wannan magani ba ya taɓawa, kamar rotabirus, wadda rigakafinta ya shiga jerin rigakafin jarirai a Nijar tun 2014. Wanda ya kai ɗansa rigakafi kan kari ya fi wanda ya tara kwalabe goma a ɗaki.

Jariri kuwa da bai kai wata shida ba, maganar ba ta da kwana-kwana: nono kawai. Baurin da ake ɗura wa jarirai don wai ciki ya yi ƙarfi, sau da yawa shi ne ƙofar da zawon ke shigowa, ta ruwan da aka jiƙa shi da ƙoƙon da aka ba shi. Na san wannan magana tana ɓata ran kakanni. Ta ɓata ran mahaifiyata ranar da na hana a ba ɗiyata ta fari. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na jure, don fushin uwa yana hucewa.

Yanzu na juyo gare mu malamai. Laifinmu iri biyu ne. Na ɗaya raini. Sau nawa yaro ya ce a gida an ba shi sassaƙe, muka yi dariya, aji ya ɗauka? Daga ranar yaron ya koyi darasi guda: akwai zancen lakwal, akwai zancen gida, kuma ba a haɗa su. Iyaye ma sun koya. In sun kai yaro likita aka tambaye su me aka ba shi, sai su ce ba komai, don tsoron faɗa, majo ya yi aiki cikin duhu. Na biyu kuma haddar da muke kira koyarwa. Muna rubuta darasin zawo a allo cikin harshen da yaro ba ya mafarki da shi, ya kwafa, ya haddace, ya zuba mana ranar jarrabawa, mu ba shi maki, kowa ya tafi yana jin ya sauke nauyi. Tun 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Ko kafin haka ma malami yana iya ɗaukar minti goma ya fassara wa yara abin da zai ceci ran ƙannensu. Mu ne muka ga kamar zubar da girma ne.

Bana na sake salon darasin, kuma ina ba kowane malami shawarar ya gwada. Na sa yara suka zo da reshen kalgo da ɗan ɓawonsa. Kowa ya tambayo kakarsa abin da ake yi da shi, muka rubuta duka a allo, babu wanda aka yi wa dariya. Kowa ya ɗan taɓa ɓawon a harshe ya ji baurin, na gaya musu sunansa da aikinsa. Sannan na huda ƙasan wata gorar roba cike da ruwa, ruwan ya yi ta zuba har ya kusa ƙarewa, na toshe hujin da yatsa na ce, to ga kalgo ya yi aikinsa, gorar ta cika? Suka ce a'a. Daga nan kowane rukuni ya haɗa lita guda ta ruwan gishiri da sukari da hannunsa, ya auna, ya ɗanɗana. Muka jera alamun haɗari da Hausa, suka maimaita har suka zauna: ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, fatar ciki in an tsunkula ba ta komawa da sauri, yaro ya ƙi nono ko ya kasa sha, fitsari ya ɗauke, amai ba tsayawa, jini cikin bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ko barcin da ba a iya tada shi. Ko ɗaya aka gani, a kama hanyar CSI nan take, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya. Na ƙara musu da cewa mai sassaƙa ya ɗebi gefe guda, kada ya kewaye gindin, don ta ƙarƙashin ɓawo abincin itace ke bi, in an yanke shi zagaye itacen ya mutu. Manoman jihar Maraɗi sun sha wahalar raya kalgo da sabara cikin gonakinsu tun shekarun 1980, bai kamata mu kashe su da gatarin neman magani ba.

Darasin bai ci dala ɗari ba. Bayan mako biyu uwar wani yaro ta tare ni a hanyar kasuwa ta ce, "Mushe, ɗanka ya hana mu sakat, wai sai an auna gishiri da cokali." Na ce mata, "Hajiya, ku bar shi ya auna."

Ga roƙona ga shugabannin lakwal da kwamitocin COGES da ƙungiyoyin uwayen ɗalibai: kafin damina mai zuwa, lokacin da zawo ke yawaita, a kira taro guda a kowace lakwal, a gayyato majo na CSI, a gayyato ungozoma da mai maganin gargajiya na gari, a zaunar da su tabarma guda. Kada a kira mai magani don a kunyata shi. Shi ne mutum na farko da uwa ke zuwa wurinsa da tsakar dare, in ya yarda ya riƙa cewa "fara ba shi ruwan gishiri da sukari, in kin ga kaza ki wuce likita", ya fi mu malamai goma tasiri. A ajiye ledojin SRO da zinc a kowane gida mai ƙaramin yaro kamar yadda ake ajiye ashana.

Ku kuma iyaye, babba in ya ga dama ya sha sassaƙensa, jikinsa ne, ya dai san iyaka, ya kuma faɗa wa likita gaskiya in an tambaye shi. Amma ƙaramin yaro in ya fara zawo, kada a jira a ga ko haƙori ne, kada a jira kwana uku a ga aikin tukunya. Daga zawon farko a fara maida ruwa. Ɗalibar nan tawa tana CM2 bana, kuma ita ce ke nuna wa ƴan ajin ƙasa yadda ake shafe bakin cokali. Ban taɓa gaya mata abin da na gani cikin littafinta ba, kuma ba zan gaya mata ba, don nauyin ba nata ba ne. Allah ya jiƙan ƙanenta, ya raya mana sauran.